Garar Kantu a Shekarar Yunwa

Bana ma azumi ya sake faɗowa a tsakiyar damina. Tun da hantsi hadari yake haɗuwa yana watsewa, gari ya ɗauki zufa, tabarma tana manne wa mutum a gadon baya. Ni an daɗe da sauke mini azumi, sai ciyarwa, don shekaru sun ci ƙarfina. Ina kishingiɗe a ƙofar ɗakina sai ƙamshin ridi ya taso daga madafa ya iske ni. Ladi ce, matar ɗana, take haɗa gara, domin 'yarta Bilki ta kusa yin arba'in, za a mayar da ita ɗakin mijinta da jaririnta. An yi alkaki, an yi nakiya, yau ranar kantu ce.

Can sai ga ta da ɗan guntu a kan murfin kwano, da zafinsa.

"Hajiya, ke da ba kya azumi, ɗanɗana mana. Ya yi, ko sukarin ya zarce?"

Na dubi kantun, na dube ta. Baiwar Allah ba ta yi mini laifin komai ba, amma da ta san abin da ta tono, da ta juya da murfinta. An taɓa faɗa mini wannan maganar a wani azumin damina, fiye da shekara sittin ke nan, kuma har yau ban manta da ita ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da cin Kano ba, jirgin ƙasa kuwa sabon zuwa ne, har mutane kan fita bayan ganuwa don su ga hayaƙinsa. Daminar da ta gabaci haihuwata ta farko ta yi ƙwauro. Ruwa ya ɗauke gero bai yi ƙwaya ba, dawa ta bushe a tsaye. Kafin bazara ta tsaya sosai hatsi ya ɓace a kasuwa, ko kana da abin saye sai ka yi ta yawo da ƙwarya. Mutanen karkara da na can arewa suka yi ta kwararowa cikin birni, suna zubewa a gindin ganuwa. Aka ci dusa, aka fasa ƙwallon goruba, aka tona gidan tururuwa ana ƙwace ɗan hatsin da ta tara. Wanda ya bi ta Ƙofar Ɗan Agundi a wannan bazarar sai ya toshe hancinsa da bakin riga saboda warin gawa. Shekarar ce mutanen Kano ke ce wa Kakalaba.

Masu cewa in ruwa ya sauka an huta ba su san yunwa ba. Yunwar damina ta fi ta bazara cin rai. Ko'ina kore shar, kwaɗi suna ta kuka a kududdufi, gero ya yi tsawon gwiwa yana kaɗawa, ga kyan gani amma ba abin da za ka kai baka. Tafasa da rama muke dafawa, ba ƙuli, ba mai, wata rana ba gishiri. Ka ci cikinka ya kumbura, ka tashi jiri ya ɗebe ka. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida, dangar da ke bayan ɗakin Inna, mahaifiyata, kuwa kara-kara muka zare ta muka dafa ruwan wankan jegona da ita.

Gidanmu a Shahuci yake. Babana, Malam Sule, maɗinkin manyan riguna ne, irin masu aska a ƙirji, kuma a da ya ga duniya. To, wa zai ɗinka riga a shekarar da ake cin dusa? Ya sayar da na akwati ɗaya bayan ɗaya har saura guda, wata shuɗiya mai ƙyalli. Kullum da safe sai ya zura ta a kan haƙarƙarinsa, ya fita zaure ya harɗe, yana amsa gaisuwa da babbar murya kamar wanda ya tashi daga kan akushi. Kalmarsa ɗaya ce, rufin asiri. Mu mutu a cikin gida ba komai ba ne, in dai ba a ji a waje ba.

Ni kuwa na zo goyon ciki ne daga gidan mijina a Gwammaja, na sauka da farkon ruwa. Maigidana ya bi ayarin jakai kudu neman hatsi, ba a ji ɗuriyarsa ba sai bayan kaka. Namiji na haifa, kuma ɗan fari. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan kalma ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya sai an miƙo mata shi ya sha, shi ma ta juya baya. In ya yi kuka ta yi kamar ba ta ji ba. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan". Wadda ta nuna ta damu da shi, ta zama abin faɗa a unguwa har ta tsufa. Haka aka koya mini, haka na yi.

Mai jego naman gashi take ci da yaji, ta sha kunun kanwa. Ni ban ga ko ɗaya ba. Abin da ya riƙe ni tulun Inna ne. Tana da 'yar gona ta gado a cikin ganuwa, wajen Ƙofar Ɗan Agundi, ƙanenta yake noma mata. A shekarar da gero ya ƙi, ridin da ya yafa a gefe ya yi, don shi ridi ba ya son ruwa da yawa. Inna ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin da laka, ta sayar da mundayenta ta sayi goran zuma, ta tura su ƙarƙashin gado. Duk wuyar da aka sha a bazara ba ta fasa lakar nan ba, sai ranar da na haihu.

Kullum da safe takan ɗebi tafi ɗaya, ta ɗan gasa a kasko, ta daka, ta dama mini da ruwan zafi da ɗan gari in an samu, ta ɗiga zuma. In na sha, kafin rana ta take sai in ji nono ya kawo. Yaron ya kama ya sha har ya saki da kansa, ya yi barci da baki buɗe. Inna takan zura hannu cikin tulun ta auna da yatsa, ta ce, "In Allah ya yarda zai kai mu tumu." Tumu kuwa shi ne sabon gero da ake gasawa a zangarniyarsa, farkon abin da gona ke bayarwa. Lissafin kowa a gidan ke nan, har da waɗanda suka yi kamar ba su sani ba. Ridin yana nan, nono yana nan, yaron yana nan.

Azumi ya kama. Mutanen da suka yi wata da watanni suna kwana da yunwa, yanzu ta samu suna. Sahur ruwa ne da ragowar ganye, buɗa baki ruwan tsamiya ne da abin da ya samu. Ni kaɗai ce ba na yi, saboda jego.

Ana cikin haka sai surukata, Iya, ta aiko wata tsohuwa daga Gwammaja ta duba mu. Ta zauna, ta ɗauki yaron ta yi masa wasa, ta ce Iya tana gaishe mu, tana tambayar jikin mai jego. Da za ta fita ta durƙusa a zaure ta gaida Baba, ta ƙara da cewa, "Arba'in ma ta gabato ko, Malam?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Baba ya ɗauki maganar nan ya juya ta, ya auna ta, ya yanke cewa tuni ake yi masa, wato surukai suna jiran matarsu da gararta.

Bayan an sha ruwa ya shigo tsakar gida. Yayarsa, Gwaggo Kande, wadda take zaune a gidan tun mutuwar mijinta, tana kan kujerarta. Ni ina cikin ɗaki bayan asabari, yaron yana sha.

"Ranar da ta cika arba'in za a mayar da ita," in ji Baba.

Inna ta ce, "Malam, a bar ta mana har kaka. Ɗan fari ne, ko ta yi wata huɗu a gida ba wanda zai ce an yi ba daidai ba."

"Don a ce na riƙe matar mutane saboda ba ni da abin gara? A gidan nan ba a taɓa mayar da 'ya hannu rabbana ba, ba kuma a kaina za a fara ba."

"To da me za a yi garar? Alkama gare mu ko shinkafa?"

Sai Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Yo ai akwai ridi. Akwai zuma. Kantu ma in ya cika ƙwarya ai ya fitar da mutum kunya."

Ban taɓa jin Inna ta ɗaga wa Baba murya ba sai ran nan. Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah! Ridin nan shi ne nonon yaron nan."

"Allah ke raya yaro, ba ridi ba."

Ban san lokacin da na ɗaga asabarin ba. Na ce, "Baba, don Allah, yaron nan..."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Au! Dije! Ɗan fari? Da bakinki, a gaban ubanki? Lalle duniya ta zo ƙarshe. Saki asabarin nan, mara kunya!"

Baba ya kawar da kai kamar na fito ba zane. Ya kaɗe shuɗiyar rigarsa ya koma zaure. Shi ke nan, an gama shari'a. Gwaggo ta bi Inna da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni dai na san abin da suka hango, bakin mutanen unguwa ne.

Kashegari aka jawo tulun. Gwaggo da kanta ta juye shi a manyan ƙore, ta dasa kujerarta a kusa, ba ta ko ƙifta ido. Inna ce ta yi aikin nan daga farko har ƙarshe. Ta zuba ruwa ta cuɗa, ƙaiƙayi ya taso ta tsiyaye. Ta rege shi a hankali, ƙwarya zuwa ƙwarya, har yashin ya kwanta a ƙasa, don ƙwayar yashi ɗaya tana ɓata kantu a bakin mai ci. Ta zuba a turmi da damshinsa ta surfa sama-sama, yadda bayan zai fita ɗacin ya tafi, ƙwayar ba ta fashe ba. Mace mai azumi a kan yunwar wata da watanni, in ta ɗaga taɓarya sai ta tsaya ta dafa bakin turmi. Ta sake wankewa, ridin ya fito fari tas.

Shanya ita ce wahala. Aka baza a tabarma a kan soro, rana ta leƙo, kafin ya sha iska hadari ya taso. A hau a kwashe, a sauko, ruwan ya fasa zuwa, a sake hawa. Inna tana hawa tsani ƙafafunta a kumbure. A hawa na ƙarshe ne ta faki idon Gwaggo ta ƙulle ɗan kaɗan a bakin zanenta, daga baya ta tura mini cikin kayana. Satar abinta ta yi a gidan mijinta, don jikanta ya ƙara kwana biyu.

Sai suya. Aka ɗora kasko a wuta marar ƙarfi, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa, don ridi in ka waiwaya ya ƙone, in ya ƙone kuwa ɗaci. Ya fara tsalle yana tas-tas, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshi ya tashi. Wayyo ƙamshin nan! Ya cika gida, ya haura katanga, ya bi lungu. A unguwar da aka manta ƙamshin girki, sai ga mata suna leƙowa ta kan danga, yaran maƙwabta suna kuka. Ni na ɗauka Baba zai ji nauyi. Ina! Ina jiyo shi daga zaure yana ce wa abokan zamansa, "Ɗan abin gara ne mata suke taɓawa, ba wani abin kirki ba." Muryarsa har rawa take don daɗi. Ran nan na fara sanin mutum yana iya jin haushin ubansa har cikin haƙori.

Inna ta juye zumar a tukunya ta ɗora. Ta tafaso, ta yi kumfa, ta faɗa, ta yi ja. Ta ajiye ƙoƙon ruwan sanyi a gefe tana ɗigawa. In ɗigon ya baje, da saura. In ya dunƙule amma yana danƙo, da saura kaɗan. In ya dunƙule ya yi tauri har ka jefa a ƙoƙo ka ji ƙas, to a sauke maza. A nan gwaninta take, balle da damina da iska take da laima, in ba a ƙure shi ba kafin gobe ya saki ya zama danƙo. Ta zuba ridin a ciki ta tuƙa da muciya, jijiyoyin hannunta duk sun miƙe. Ta juye a kan wankakken dutsen niƙa, ta bi shi da ɗan dutsen ta baje fale-fale, ta yanka da wuƙa tun bai huce ba. Haka ta yi ta yi, tukunya bayan tukunya, har tulu ya koma wayam, gora ya koma wayam.

Da na farko ya sha iska, Gwaggo ta ɓalli ɗan ƙaramin gefe ta miƙo mini.

"Dije, ke da ba kya azumi, ɗanɗana mana. Ya yi?"

Na sa a baka. Ya ce ƙaras. Zaƙin ya ratsa ni har tafin ƙafa, man ridin ya cika mini baki, nan take na ji ƙirjina ya amsa. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma ban taɓa tsanar abu kamarsa ba. Na ce, "Ya yi." Iyakar rabona ke nan a cikin kantun da aka yi da ridin da aka ajiye domina. Da Gwaggo ta shiga alwala, Inna ta ɗauraye tukunyar da ruwan zafi ta ba ni na shanye.

Ko da aka gama, kantun bai cika babbar ƙwaryar da Baba yake so a gani ba. Gwaggo ta kifa ƙaramin ƙoƙo a ciki, ta jera kantun a kansa har ya yi tozo, ta rufe da sabon faifai.

Ranar komawa ana yayyafi. Daga Shahuci zuwa Gwammaja muka taka cikin taɓo, mata 'yan rakiya a gaba, ƙwarya a kan ɗaya daga ciki, Gwaggo ta goya yaron, ni ina baya a lulluɓe. Muna wuce mutane kwance a jikin katangu, waɗansu ba ka sanin barci suke ko sun cika. A tsakiyar wannan, wata daga cikinmu ta rangaɗa guɗa. Na ga wata mata a zaune a bakin kwata ta ɗago kai ta bi mu da ido.

Gidan Iya an share shi fes, ta sha zanenta na biki, ga tukunya a murhu tana tururi. Daga baya na gane ruwa ne zalla a ciki, an ɗora don baƙi su ga hayaƙi. Aka buɗe faifai, mata suka yi salati. Gara a wannan shekarar! Iya ta shiga rabo kamar yadda aka saba, don gara ba ta gida ɗaya ba ce, sai an kai wa dangi da maƙwabta kowa ya shaida. Wannan na gidan liman, wannan na gidan wane, wannan na ƙanwar wance. Ina daga ƙuryar ɗaki ina kallon tozon nan yana faɗawa.

Allah ya ji ƙan Iya, ta tuna da ni. Ta ce, "A ɗebar wa mai jego nata."

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya. "Haba Iya! Ita da ta fito daga gidan da aka yi shi? Ai ta ci har ya gundure ta. Ku dai ku raba abinku."

"Ma sha Allah," in ji Iya. "Gidan Malam Sule ba su san an yi yunwa ba."

Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma mu muka shafa wa rogon mai da hannunmu. Kafin la'asar ƙwarya ta koma ba komai, Gwaggo ta yi wuf ta ɗauke ta da ƙoƙon cikinta kada a gani, suka tafi suna murna an fita kunya.

Abincin gidan Iya bai kai na gidanmu ba ma. Ruwan tafasa ne da ɗan kunun dusa in rana ta faɗi. Na ɗauki azumi da na yi tsarki, ban ga bambanci ba. Ƙullin Inna na riƙa tauna shi ɗanye a ɓoye har ya ƙare. Daga nan nono ya fara ja da baya. Yaron ya kama, ya ja, ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa. Maɗigarsa ta faɗa, fatar cinyarsa ta yi laushi tana naɗewa. Kukan ya koma siriri, daga baya ya daina, sai dai ya buɗe baki. Iya ta yi iyakar yinta, ta karɓo rubutu, ta jiƙa saiwa, ta zaga unguwa neman mai shayarwa. Wa ke da nonon da zai ishi nata, balle na wata?

Aka yi Salla, ba wanda ya ɗora tukunyar kirki. Gero a gonakin cikin ganuwa ya fitar da kai, ya yi bununi, kowa yana cewa saura ƙiris. Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Iya ta shigo da shi a hannu, ta saki labule, ta ɗora mini shi a cinya. Ta ce, "Riƙe abinki, Dije. Ba mai ganinki." Ran nan na fara duban fuskarsa da rana ba tare da na saci kallo ba. Yana da ɗan tabo baƙi a bayan kunnen hagu. Kafin ruwan ya tsagaita ya cika.

Aka naɗe shi aka fita da shi. Matan da suka zo gaisuwa suna lura da idona, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka. Ban yi ba. Baba ya zo cikin shuɗiyar rigarsa, ya tsaya daga zaure ya aiko a ce mini in yi haƙuri, kwanan yaron ne ya ƙare. Ni Musulma ce, ban taɓa jayayya da ƙaddara ba. Amma Allahn da ya rubuta kwana shi ne ya tsirar da ridin nan a shekarar da gero ya ƙi, ya kuma ba Inna hankalin liƙe tulu. Ba ƙaddara ce ta dasa kujera a bakin ƙwarya tana gadi ba.

Ba a rufa mako biyu ba na jiyo mai talla a lungu tana kiran tumu. Iya ta samo zangarniya biyu ta gasa, muka zauna muna murzawa a tafi. Sai ta fashe da kuka, ita da take da izinin yi. Ta ce, "Wallahi Dije, tsohuwar nan da na aika, don ta gano mini ne ko za a riƙe ki har kaka. Addu'ata ke nan dare da rana. Na rasa bakin da zan ce ba mu da abin ciyar da matar ɗanmu. Da kuka zo kuma da garar nan, idon duniya ya gani, ta yaya zan ce ku dawo ku ɗauki 'yarku?"

Na dube ta, geron yana hannuna, na kasa kai shi baka. Ashe gida biyu ne, kowanne yana mutuwa da yunwa, kowanne yana tsoron ɗayan ya sani. Manya masu gemu da masu furfura, ba a samu ko ɗaya da zai buɗe baki ya ce babu ba. Wanda ba ya iya magana shi aka bar wa ɗaukar kunyarsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba ya samu abin da yake so. Shekara da shekaru in na shiga gidan biki sai wata ta nuna ni ta ce, "Wannan ai ita ce 'yar Malam Sule, wadda aka yi wa garar kantu a shekarar yunwa." Su yi ta jinjina kai, ni kuwa in yi murmushi don haka ake yi. Inna ba ta sake yin kantu ba har ta koma ga Allah. Da Baba ya zo mutuwa ya nemi gafarar kowa a dunƙule, na ce na yafe, kamar yadda 'ya take cewa. Bakina ne ya faɗa, Allah ya san sauran.

"Hajiya?" Ladi tana tsaye har yanzu da murfin kwano. "Ko ba kya so ne?"

Daga ɗaki ina jiyo Bilki tana yi wa jaririnta waƙa, tana kiran sunansa gatsal, ɗan fari, ko a jikinta. Tsofaffin unguwa suna cewa yaran yanzu ba su da ta ido. Ni ban taɓa sa musu baki ba.

Na ce, "Ba ni da haƙorin kantu. Ɗauki farantin kantun gaba ɗaya ki kai wa Bilki. Ta ci ta ƙoshi, gobe ma ta ci. Abin da ta rage shi ne gara."

"Hajiya, kayan surukai ne fa. In ya ragu ai da kunya."

"Kunya!" Ban san da sauran wannan muryar a ƙirjina ba. "In sun raina, su aiko a gaya mini, ni zan amsa. Ba abin da zai fita ƙofar gidan nan sai mai shayarwa ta ture da hannunta."

Bilki ta fito da yaro a kafaɗa tana dariya. "Wa ya taɓo mana tsohuwa da azumin nan? Hajiya, kishi kike don ba a yi miki irin wannan garar ba?"

Na ce ta zauna. Ta zauna, ta jawo farantin, tana ci ina ba ta labari, hadari yana ta haɗuwa a kanmu. Tun ana jin ƙaras-ƙaras har na ji shiru. Ladi ma ta tsuguna a gefe, ta manta da tukunya a wuta.

Da na kai aya Bilki ta gyara wa ɗanta kwanciya a ƙirjinta. Ta ce, "Ashe ba Baffa Garba ne ɗan farinki ba. Ba wanda ya taɓa gaya mana. Hajiya, yaya sunansa?"

Duk waɗanda za su ce mini mara kunya suna ƙarƙashin ƙasa. Na buɗe baki, harshena bai san hanyar sunan ba, sai da na sake gwadawa.

"Yusufu," na ce. "Sunansa Yusufu."